Shin dole ne sai na ji wani kira na musamman kafin in san dalilin da Allah ya halicce ni?

Malamar Firamare:

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Na gama jami'a, na yi bautar ƙasa, yanzu ina koyarwa a wata makarantar firamare mai zaman kanta, kuma ni ce nake jinyar mahaifiyata wadda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar. A taron matasa da aka yi a gundumarmu, mai wa'azi ya ce Allah ya ajiye wa kowane mai bi wani aiki na musamman, wanda kuma bai gano nasa ba yana ɓata ransa ne a banza. Tun daga lokacin hankalina bai kwanta ba, domin na yi addu'a, na yi azumi, amma ban ji wata murya ba, ban kuma yi wani mafarki ba. Wani ɗan'uwa a ikilisiyarmu ya ce ya ga a zuciyarsa cewa in bar koyarwa in tafi makarantar Littafi Mai Tsarki, in kuwa na ƙi, na yi wa Allah rashin biyayya. Ina roƙon iyayena da 'yan'uwana su taimake ni, ta yaya mutum yake sanin manufar ransa?

Dattijon Ikilisiya:

'Yata, Allah ya ba mahaifiyarki sauƙi, ya kuma ƙara miki ƙarfi. A ganina damuwarki ta taso ne daga koyarwar da ke sa mutane su ɗauka cewa nufin Allah wani asiri ne da ya ɓoye, yana jira ya ga ko za mu iya tono shi. Mafi yawan abin da Allah yake so daga gare mu ya riga ya faɗa a fili. Da aka tambayi Yesu umarnin da ya fi girma, a Matiyu 22:37-40, ya ce a ƙaunaci Allah da dukan zuciya, a kuma ƙaunaci maƙwabci kamar kai. A Yahaya 14:15 ya haɗa ƙauna da biyayya wuri ɗaya, cewa mai ƙaunarsa zai kiyaye umarninsa. Annabi Mika, a sura 6 aya 8, ya taƙaita abin da Ubangiji yake bukata: yin gaskiya, son jinƙai, da tafiya da Allah cikin tawali'u. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake jiran mafarki kafin a fara shi.

Matasanmu suna son Irmiya 29:11, inda Allah ya ce ya san shirin alheri da yake da shi dominsu, amma kaɗan ne suke karanta surar daga farkonta. Wasiƙa ce zuwa ga Yahudawan da aka kwashe bauta zuwa Babila, kuma annabawan ƙarya suna gaya musu cewa komawa gida ta kusa. Irmiya ya ce musu sai bayan shekara 70, saboda haka su gina gidaje, su shuka lambuna, su yi aure, su nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki. Manyan da suka ji karatun wasiƙar nan, da yawansu a Babila aka binne su, duk da haka suna cikin shirin Allah.

Ko tarihin bishara a ƙasarmu haka ya nuna. A ƙarshen 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar kai bishara cikin ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran yankinmu a lokacin. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, Bingham kuwa ya koma gida da ciwo. Sai a 1902 aka kafa tashar mishan a Patigi, daga aikin nan kuma aka sami ikilisiyar ECWA a 1954. Su biyun da suka rasu ba su ga ikilisiya ko ɗaya ta tsaya ba, amma ban san wanda zai ce ransu ya tafi a banza ba.

'Yar Zumuntar Mata:

Baba ya faɗi gaskiya, sai dai ni maganar mahaifiyarki ce ta fi tsaya mini a rai. Ki karanta Markus 7:9-13, inda Yesu ya tsauta wa Farisiyawa domin suna barin mutum ya ce abin da ya kamata ya taimaki iyayensa da shi ya riga ya keɓe wa Allah. Ya kira wannan soke maganar Allah. Bulus ma a 1 Timoti sura 5 ya ce 'ya'ya su fara nuna ibadarsu a gida, su sāka wa iyayensu. Saboda haka idan wani ya ce miki ki bar uwa a kwance, babu mai juya ta, babu mai ba ta abinci, domin ki je ki yi wa Allah hidima, sai ki tambaye shi inda ya samo wannan.

Ki tuna da Dokas ta Yafa, a Ayyukan Manzanni sura 9. Ba a rubuta cewa ta taɓa hawa bagade ta yi wa'azi ba, tufafi take ɗinka wa gwauraye, amma da ta mutu har aka aika Lidda aka kira Bitrus, matan nan suna kuka suna nuna masa rigunan da ta ɗinka. 'Yata, yaran da kike koya wa karatu da uwar da kike wanke wa jiki, su ne maƙwabtan da Allah ya fara ajiyewa a gabanki.

Ɗalibin Tauhidi daga Bukuru:

Ina neman izinin Baba da Mama in ƙara wani abu, domin ina tsoron kada 'yar'uwarmu ta fahimci cewa babu wani kira na musamman sam. Akwai shi, kuma Allah yana ba kowa baiwa dabam, kamar yadda Romawa 12 da 1 Korantiyawa 12 suka bayyana. Abin da nake so a lura da shi shi ne yadda kiran yake tabbata. A Ayyukan Manzanni 13, ikilisiyar Antakiya tana cikin sujada da azumi aka ce a keɓe Barnaba da Shawulu (wato Bulus), su kuwa sun riga sun shekara suna koyarwa a wannan ikilisiyar, jama'a sun san aikinsu. Mutum ɗaya bai ja su gefe ya ɗora musu abin da ya gani a zuciyarsa ba. Wannan ne ya sa makarantun tauhidi irin su TCNN da ta Kagoro suke neman shaidar ikilisiyar mutum kafin su karɓe shi.

Haka kuma, 'yar'uwa, biyayya ga Allah dabam take da biyayya ga duk wanda ya yi magana da sunansa. An umarce mu a 1 Yahaya 4:1 mu gwada ruhohi, kuma ba raini ba ne ki ce wa ɗan'uwan nan za ki auna maganarsa da Nassi tukuna. Amma idan kin ga kina da sha'awar koyar da Maganar Allah wadda ba ta gushewa, kada ki danne ta don kawai hanyar ba ta buɗe yanzu ba.

Malamar Firamare:

Na gode ƙwarai, Baba da Mama da ɗan'uwana. Gaskiya ina jin daɗin koyar da yara a makarantar Lahadi fiye da komai, wannan ne ma ya sa maganar ɗan'uwan ta kama ni. Abin da ya rage mini shi ne, idan jinyar ta daɗe har lokacin karatu ya wuce ni fa?

Dattijon Ikilisiya:

Tsoronki yana da tushe, 'yata, domin irin wannan ciwo yakan ɗauki shekaru, kuma ba daidai ba ne nauyin ya zauna a kanki ke kaɗai. Ki je wurin fastonku tare da shugabar Zumuntar Mata, ki faɗa musu sha'awarki da kuma halin da ake ciki a gida, ki kira 'yan'uwanki na jini a zauna a raba kwanakin jinya da kuɗin magani. Ki kuma roƙi fasto ya bincika miki makarantun da suke da karatun ƙarshen mako ko na lokacin hutu, tun da akwai malaman makaranta da ma'aikata da suke yin karatun tauhidi ta haka ba tare da sun ajiye aikinsu ba. Shi kuma ɗan'uwan da ya kawo miki saƙo, ki gode masa cikin ladabi, ki gaya masa kin kai maganar gaban dattawa.