Shawarwarin 'yan kasuwar Katsina kan sunan shafin intanet

Masu shaguna a Babbar Kasuwar Katsina sun tattauna yadda ake zaɓen adireshin shafin kasuwanci. Bakinsu ya zo ɗaya cewa sunan ya zama gajere, wanda mai saye zai ji a waya ya rubuta daidai. A guji ƙ, ɗ da ɓ, domin yawancin mutane k, d, b za su latsa.

An ɗan ja kan ƙarshen adireshin, wato .com da .com.ng, wanda NiRA, ƙungiyar rajistar sunayen intanet ta Najeriya, ke kula da shi. Mai sayarwa cikin gida, na biyun ya wadatar.

Abin da ya fi muhimmanci a ganina: a yi rajista da sunanka da imel ɗinka, kada yaron da ya gina shafin ya riƙe. Kuma ana sabuntawa duk shekara, in an yi sakaci wani ya ɗauke.