Neman shawara: me ya kamata a yi idan malloc ya dawo da NULL?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina rubuta wani laburare, wato tarin ayyukan da wasu manhajoji za su riƙa kira, da harshen C wanda zai riƙa karanta manyan fayiloli, kuma ina neman shawara kan matakin da ya dace a ɗauka idan malloc, aikin da ake neman memori da shi, ya kasa samar da memorin ya dawo da NULL, wato alamar babu komai. Wasu sun ce a dakatar da manhajar nan take, wasu kuma sun ce a mayar da kuskuren ga wanda ya kira aikin, ko da hakan zai tsawaita rubutun. Wanne ya fi?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Malam. Tunda laburare kake rubutawa, ba ka da hurumin kashe manhajar wani, domin wataƙila tana riƙe da aikin da mai ita bai adana ba tukuna. Git, manhajar adana tarihin canje-canjen fayiloli, yana da wani aiki mai suna xmalloc da ke dakatar da komai idan memori ya ƙare, amma shi cikakkiyar manhaja ce mai cin gashin kanta. Kai ka saki abin da ka riga ka karɓa, sannan ka mayar da lambar kuskure. Ka kuma kula da realloc, aikin sauya girman memorin da aka karɓa, domin idan ya gaza tsohon wurin yana nan daram, kuma wanda ya ɗora NULL a kan tsohon manunin, wato abin da ke riƙe da adireshin wurin, ya yi asarar hanyar sakinsa.

Amsa ta biyu: Na yarda da ɗan uwa, sai dai a Linux ba lallai ka ga NULL ɗin ba. A saitinsa na asali, tsarin yakan yi alkawarin memorin da ya fi wanda yake da shi, sai an zo rubutu a ciki ƙarancin ya bayyana, a nan ne kuma yake zaɓar wata manhaja ya kashe ta ba tare da ta samu damar gyara komai ba. Sanya saitin Linux mai suna vm.overcommit_memory a kan 2 yana hana wannan alkawarin. Duk da haka ka ci gaba da duba ko NULL ya dawo, saboda girman da aka karanto daga gurɓataccen fayil yana iya zarce duk wata iyaka.

Amsa ta uku: Hanyar farfaɗowar da ba a taɓa gwadawa ba ita ce ta fi damuna. SQLite, wani laburaren adana bayanai, yana da gwajin da ke sa neman memori na farko ya gaza, sannan na biyu, haka har ƙarshe, kuma za ka iya yin irinsa ta hanyar naɗe malloc cikin aikinka. Kada kuma saƙon kuskuren kansa ya buƙaci sabon memori. Ka tanadi wurinsa tun farko.