Hoto a Mada'in Salih: ya halatta ko a'a?

Baban Khadija: Salam jama'a. Ni fa hoton nan da Alhaji Ƙarami ya sako mana daga Mada'in Salih a Saudiyya ya tsaya min a rai. Wurin da aka halaka Samudawa ne fa, mutanen Annabi Salihu, a ce mutum ya tsaya gaban dutsen yana washe baki har da ɗaga yatsu biyu? Hadisin Ibn Umar na nan a Buhari da Muslim, a tafiyar Tabuka shekara ta 9 bayan hijira Manzon Allah (SAW) ya bi ta Hijr, wato Mada'in Salih ɗin nan, ya hana shiga mazaunin waɗanda suka zalunci kansu sai ana kuka, ya lulluɓe kansa ya ƙara sauri har ya wuce kwarin. Ni a wurina hoto a can bai halatta ba sam.

Alhaji Ƙarami: Yaya ka yi haƙuri, abin da na tsaya a gabansa ba gida ba ne, kabari ne. Ƙasrul Farid ake ce masa, dutse guda tilo a tsakiyar rairayi, daga sama suka fara sassaƙa shi suna saukowa ba su ma gama ba, in ka zuƙo hoton za ka ga ƙasan duk sawun kurfi ne.

Malama: Alhaji ya yi gaskiya nan. Kaburburan sun haura 100 kuma na Nabaɗawa ne, mutanen da suka sassaƙa Petra a Jodan, da yawansu akwai rubutu a saman ƙofa da sunan mai kabarin da shekarar sarautar sarkinsu har da tsinuwa ga duk wanda ya sayar ko ya binne baƙo a ciki, kuma shekarun duk sun faɗa ƙarni na 1 ne, wajen zamanin Annabi Isa. To ku duba Suratu Gafir, mumini na gidan Fir'auna yana tsoratar da mutanensa da abin da ya sami Adawa da Samudawa, kenan tun kafin Annabi Musa an gama da su. Ta yaya za su sassaƙa abin da aka yi bayansu da ɗaruruwan shekaru?

Ustaz: Malama Allah ya ƙara sani, amma kin amsa tambayar da ba a yi ba. Lokacin da Annabi ya wuce, kaburburan Nabaɗawan nan suna tsaye a wurin, duk da haka ƙasar ya kira ta Samudawa, ya sa aka zubar da ruwan da aka ɗebo a rijiyoyinsu, ƙullun da aka kwaɓa aka ba raƙuma. Hukuncin na wurin ne ba na wanda ya riƙe kurfi ba.

Baban Khadija: Yauwa!

Ustaz: Dakata Baban Khadija, ban ce haramun ba. Hadisin bai rufe ƙofa ba, sharaɗi ya sa, kuma Alkur'ani ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a ga ƙarshen na baya. Wanda ya ɗauki dutsen don ya nuna wa yara izina daban, wanda ya je da kaya kala uku yana canzawa saboda TikTok daban.

Hajiya Babba: Kala biyu ne, ni na gani a sitatus ɗinsa 😂

Alhaji Ƙarami: Haba Hajiya, da ke za a haɗa baki? Ni dai hukumar Saudiyya ce da kanta ta buɗe wurin, tikiti na yanka aka sa mu a bas daga garin Al-Ula, tun 2008 yake cikin jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO, shi ne ma na farko a ƙasar.

Baban Khadija: Ƙanena tikiti ba fatawa ba ne. Tun da suka fara ba da bizar yawon buɗe ido a 2019 kuɗin baƙi suke nema.

Hajiya Babba: Ni wlh hoton Hijr bai dame ni kamar na Harami ba, kana ɗawafi mutum ya ja birki a gabanka ya juya wa Ka'aba baya ya ɗaga hannu wai addu'a, matarsa na cewa ƙara ɗagawa bai fito ba, na baya duk su cushe a kanka. Ustaz wannan fa?

Ustaz: Wannan zama na daban ne Hajiya, an kira magariba a nan, bayan isha in kuna nan.