Neman shawara: in saki Corolla ɗina in hau ƙaramar jif, ko in haƙura?

Baban Hanifa, Samaru

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar mota. Ina da Corolla ƙirar 2010, injin 1.8, lafiyarta ƙalau, ban da juyen baƙin mai da ƙananan gyare-gyare ba ta ba ni wahala. Aikina da gidana duk a Samaru suke, amma mahaifiyata tana ƙauye a bayan Giwa, gonata ma can take, kusan duk ƙarshen mako ina hanya. Daga inda ake sauka kwalta burji ne, damina ta zaizaye shi. Cikin Agusta akwai wani kwari da sai na sauke iyali sun taka da ƙafa kafin in tsallake, kuma duk da haka ina jin cikin motar yana kartar ƙasa. Salansa har ta lotse.

Yanzu abu biyu ne a gabana. Wani dillali ya kawo mini RAV4 ƙirar 2017, tokumbo, a karɓi tawa in yi ciko. Wani abokin aikina kuma ya ce in ma canjin zan yi, in ɗauki sabuwa fil cikin ƙananan jif ɗin nan na Sin, tunda da garanti suke zuwa. Ko wacce na ɗauka, cikon zai cinye duk abin da na tara, sai na haɗa da bashin ƙungiyar ma'aikata. Yarana huɗu. Canjin nan ya cancanci kuɗinsa kuwa?

Oga Bakanike, Sabon Gari

Wa alaikumus salam Malam. Kafin a yi maganar kuɗi, fara da abin da ya sa kake son canjin, wato tsayin mota daga ƙasa. Mutane suna ɗauka duk motar da aka kira jif tana da tsayi, kuma ba haka abin yake ba. RAV4 ta 2013 zuwa 2018 tazarar cikinta da ƙasa wajen santimita 16 ce. Corolla ɗinka tana da kusan 15. Kenan bambancin bai wuce kaurin yatsa ba. Direba ne yake zama a sama, shi ya sa yake jin kamar ya hau babbar mota, amma cikin bai ɗaga sosai ba. Wadda ta ɗaga da gaske ita ce ta 2019 zuwa sama, wannan ta haura santimita 20, kuɗinta kuma wani labari ne daban.

Ba na cewa ta 2017 ba ta fi taka iya burji ba. Tayarta ta fi girma, hancinta bai yi ƙasa kamar na Corolla ba, za ta shiga rami ta fita da sauƙi. Amma kada ka ciyo bashi da tunanin ka rabu da kwarin nan har abada.

Na biyu, ka leƙa ƙarƙashinta da kanka. Da yawa daga RAV4 ɗin da ake shigowa da su tayoyin gaba kawai suke ja, daidai da Corolla. In ba ka ga farfela ta miƙe daga giyabos zuwa tayoyin baya ba, to a taɓo inda taka ta kafe ita ma za ta iya kafewa. Kada ka tsaya ga rubutun da ke jikin but mai cewa duka tayoyi huɗu ke ja, ana liƙa shi.

Sannan ka kawo Corolla ɗin a duba shokazoba da sifirin. Motar da ta shekara goma sha wani abu tana ɗaukar mutum shida da buhun masara, sifirin ɗinta ya zauna. Sau da yawa shi ne dalilin kartar ƙasa, kuma gyaransa bai kai kashi ɗaya cikin goma na cikon da ake nema a wurinka ba.

Maman Ummi, Tudun Wada

Baban Hanifa, ni inda hankalina ya tsaya shi ne yara huɗu. Ƙaramar jif kujerar mutum biyar ce, daidai da motarka. Kai da maman yara a gaba, huɗu a baya a matse, in Hajiya za ta biyo ku asibitin Shika ina za ta zauna? But ne kawai ya fi girma. Idan don iyali ne, Sienna ko Highlander mai layi uku ita ce canji, ko da ta fi tsufa da shekara biyu ko uku.

Abu ɗaya da zan yaba wa ƙaramar jif, tsofaffi sun fi jin daɗin shiga da fita. Surukata mai ciwon gwiwa a ƙaramar mota sai an riƙo hannunta an ɗago ta, a tamu kuwa juyowa kawai take yi ta sauke ƙafa. Wanda bai yi jinyar tsoho ba ba zai san girman wannan ba.

Malam Na Kongo

Bari in taɓo lissafi, don nan ne ake yawan rufta wa. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, farashin gwamnati bai kai naira 200 a lita ba. Yau ya ninka haka sau huɗu ko fiye. RAV4 ɗin nan injin 2.5 gare ta, taka 1.8. A gwajin Amurka bambancinsu wajen lita ɗaya ne ko ɗan sama a kowace kilomita 100. A takarda kaɗan ne, amma wannan a ɗakin gwaji aka auna, ba a kan titi ba. Ka saka cunkoson Kwangila da PZ da na'urar sanyi a kunne cikin Afrilu, sai ka ga tazarar ta buɗe.

Mai ba shi ne babba ba ma. Tayar Corolla ɗinka yawanci 195/65 ce a kan rim 15. Ta RAV4 225/65 ce a kan rim 17. Ka shiga Sabon Gari gobe ka tambayi kuɗin sababbi huɗu na kowacce, ka tambayi shokazoba, ka tambayi fitilar gaba guda ɗaya. Idan kuma za ka yi mata cikakkiyar inshora, wadda ya kamata duk mai bashi a kan mota ya yi, ƙa'idar da aka fitar daga Janairun 2023 ita ce ba ta gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar a shekara. Ka haɗa waɗannan da abin da za a riƙa cira a albashinka duk wata, ka ɗora kuɗin makarantar yara huɗu da takin damina mai zuwa. In bayan haka da sauran abin da za a ci har ƙarshen wata, bismillah. In babu, to ci gaban mai haƙan rijiya za a yi.

Alhaji Mai Motoci, Kofar Doka

Ni sana'ata ce, kuma ba zan ɓoye muku ba, na fi son a saya. Amma Corolla mai lafiya a ƙasar nan kuɗi ce a hannu, yau ka sa ta a kasuwa gobe an ɗauka. Saboda haka kada ka yarda da musaya kai tsaye. Dillali zai karya taka ya ɗaga tasa, ya ci riba ta fuska biyu. Ka sayar da taka daban, ka je da kuɗinka a hannu.

In ka tsaya a kan tokumbon, ka karɓi lambar shasi, haruffa da lambobi 17 ne, tana nan a gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba. Ka sa a bincika maka tarihinta a intanet. Motoci da yawa daga Amurka gwanjon inshora ne, wasu hatsari, wasu ambaliya ta shanye su. Ta hatsari ana iya zama da ita in an yi gyara mai kyau, ta ruwa kuwa wayoyinta za su yi ta ba ka ciwon kai har ka gaji. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka duba tsatsa a ƙafafun kujeru. Takardun kwastan kuma ka tabbatar na gaske ne, lambar da ke jiki ta yi daidai da ta motar. Tun Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, wadda aka biyo da ita ta daji kuma kai za a tare a hanyar Kaduna, ba wanda ya sayar maka ba.

Injiniya, Gyallesu

Ba wanda ya yi maganar ta Sin ɗin, kuma bai kamata a raina su ba. GAC da Geely da Chery suna sayar da sababbi a Najeriya, kuma sabuwar mota tana da daɗin da tokumbo ba ta da shi, kai ne ka fara ta, ka san duk abin da ya same ta. Tambayar da za ka yi musu ita ce ina za ka riƙa kai ta sabis. Garanti yana tafiya ne da sharaɗin a gareji nasu za a riƙa dubawa. In mafi kusa da kai yana Abuja ko Kano, ka lissafa wannan tafiyar duk bayan 'yan watanni. Da yawansu kuma ƙaramin inji ne mai tabo, wato na'urar da ke ƙara masa ƙarfi, yana son baƙin mai na asali a kan lokaci, ba na jarka ba. Ka tambaya in bamba ta fashe ko gilashi ya tsage, kwana nawa kafin a samo. Na Toyota kafin la'asar an kawo maka daga Sabon Gari.

Baban Hanifa, Samaru

Allah Ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Maganar kujeru ta Maman Ummi ta shige ni, don Hajiya tana da ganin likita a Shika duk wata. Na yanke shawarar in fara kai Corolla a duba sifirin da shokazoba, in ga yadda za ta yi da kwarin a sauran daminar nan. Kuɗin da na tara zan bar shi a inda yake zuwa bayan girbi, sannan in duba mai layi uku ba tare da bashi ba. Oga, akwai wanda ya ce in sa mata roba a ɗaga ta, ya kake gani?

Oga Bakanike, Sabon Gari

Ana yi, amma kada ya wuce santimita biyu zuwa uku, in ya yi yawa shaf ɗin gaba ne zai riƙa ci, motar kuma ta riƙa rawa a kwana. Fara da sabon sifirin tukuna, wataƙila ba ka buƙaci robar ba. In an gama a yi mata alaimen, a kuma ɗaure salansar ta koma mazauninta. Ka zo da safe kafin gareji ya cika.