Me ya sa kuturta ta kama gyaɗa ɗaya ta bar ɗaya a gona guda?

Manomi daga Shika:
Assalamu alaikum. Bana na shuka gyaɗa iri biyu kunya da kunya, ɗaya daga rumbuna, ɗaya kuma ingantaccen iri ne da na samo a Samaru. Taki ɗaya na zuba, rana ɗaya na yi noma, amma tawa ta gida ta tsumbure, ganyenta ya yi rawaya ya cukurkuɗe, ɗayar kuwa ko gezau. Shin tsiro ma yana da garkuwar jiki ne?

Malama daga Samaru:
Wa alaikumus salam, Baba. Yana da ita, sai dai babu sojojin jini masu yawo kamar namu. Kowace ƙwayar halitta a ganye ko saiwa ita ke gadin kanta, kuma ƙwayoyin gado ne ke tsara wannan gadi. Wasu suna haɗa sunadaran da ke zama a fatar ƙwayar halitta suna tantance baƙo, wasu kuma a ciki suke, suna jiran makaman da cuta ke shigowa da su. Da zarar sun gane ta, tsiron yakan kashe 'yan ƙwayoyinsa da ke kewaye da wurin domin cutar ta rasa abinci, shi ya sa wani lokaci za ku ga ɗigon ƙuna a ganye mai lafiya, sannan ya aika saƙon sinadari zuwa sauran rassa su shirya.

Ɗalibi daga Kongo:
Malama, a gafarce ni in ƙara. Harold Flor na Amurka ya nuna tun shekarun 1940, a bincikensa kan cutar tsatsa da ke kama tsiron lilin, cewa ƙwayar gadon kariya tana aiki ne idan ta dace da wata takamaimiyar ƙwayar gado a jikin cutar. In cutar ta sauya kama, mai gadi ba ya gane ta. Haka tsatsar alkama Ug99, wadda ta ɓulla a Yuganda, ta karya ƙwayar gadon kariya mai suna Sr31 da aka daɗe ana dogaro da ita.

Manomi daga Shika:
Na gode. To, idan na ajiye iri daga wannan ingantacciyar gyaɗar, baɗi zai riƙe ƙarfinsa?

Malama daga Samaru:
Galibi zai riƙe, Baba, domin gyaɗa kanta take yi wa barbara. Abin da na fi jin tsoro shi ne cakuɗuwa a shanya ko a buhu. Kada kuma ku saki jiki, tunda darɓa, ƙwaron nan mai tsotsar ganye, ce ke yaɗa kuturtar gyaɗa, wadda a 1975 ta halaka gyaɗar kusan hekta 700,000 a Arewa. Ku yi shuka da ruwan farko, ku matse tazara, ku tuge duk gindin da ya tsumbure tun yana ƙarami.