Na'urar auna danshin ƙasa a lambun tumatir: wace iri ce ke jure zafin Garwa?

Mai_Lambu_Garwa: Assalamu alaikum. Ƙaramin lambu ne a bayan gida, tumatir da albasa, fangali shida, da tankin lita 1,000 a kan dakali mai tsayin mita ɗaya. Ana so ruwa ya riƙa buɗe kansa idan ƙasa ta bushe, a kuma ga saƙo a waya. Me za a saya, kuma ina matsalar take fitowa?

Injiniya_Marwa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sayi na'urar auna danshi mai ƙafa biyu ta ƙarfe tsirara. Wuta na bi ta cikin ƙasa mai jiƙa, tsatsa ta cinye ta cikin 'yan makonni. Nemi wadda aka rubuta wa capacitive, wato wadda ƙarfenta ba ya taɓa ƙasa, ka shafe gefunanta da samanta da gam ɗin epoxy, don ta nan ruwa ke shiga.

Haɗa ta da ESP32, ƙaramar kwamfuta mai Wi-Fi da za ta riƙa karanta na'urar tana buɗe ruwa, amma a ƙafafunta masu lamba 32 zuwa 39 kaɗai, sauran ba sa karatu idan Wi-Fi na kunne. Lambar da take bayarwa 0 zuwa 4095 ce, kuma a irin wannan na'urar lamba na hawa ne idan ƙasa ta bushe. Auna a ƙasar lambunka: rubuta lambar busasshiyar ƙasa, ka shayar sosai, washegari ka sake rubutawa. Tsakaninsu za ka sa iyakar buɗe ruwa. Zurfi kamar santimita 15 ga tumatir, 8 zuwa 10 ga albasa, kuma tazarar taƙi guda daga inda ruwa ke ɗiga. In ka kafa ta daidai ƙarƙashin ɗigon, kullum za ta ce an ƙoshi alhali shuka na yaushi.

Hajiya_Pitowa: Abin da Injiniya bai taɓo ba shi ne bawul, wato abin da ke buɗe ruwa da rufe shi. Tanki a mita ɗaya ƙarfin ruwansa kusan bar 0.1 ne, yawancin bawul ɗin solenoid (masu buɗewa da maganaɗisun lantarki) masu araha kuwa sai da 0.2 ko fiye suke buɗewa. Za ka ji ƙas, ruwa shiru. Sayi bawul mai ƙaramar mota na volt 12, ko ka ɗaga tankin zuwa mita uku. Sa matatar ruwa kafin tiyo, musamman in ruwan Binuwai ne, laka na toshe ramukan ɗigo.

Injiniya_Marwa: Haka ne, Hajiya. Ƙari: a sa wa shirin da ke cikin ESP32 iyaka, kada ruwa ya wuce minti 20 a buɗe ko me na'urar ta faɗa. Waya ɗaya ta tsinke, tanki ya ƙare kafin asuba.

Ɗan_Kusiri: Masu ƙasar karal, wato baƙar laka, su kula. Tana tsagewa in ta bushe, na'urar ta rabu da ƙasa ta koma auna iska. A danne ƙasar jikinta, a rufa da ciyawa. Sola wat 20 da batir 7Ah sun isa, amma akwatin batir da na'urorin ya zauna a inuwa, zafin Maris da Afrilu na kashe batir. Da hunturu a goge ƙurar solar duk kwana biyu.

Mai_Lambu_Garwa: Na gode ƙwarai. Wi-Fi ba ya kai bayan gidan, SIM800L, ɗan allon da ake sa wa layin waya ya aika saƙo, zai yi?

Ɗan_Kusiri: Zai yi in akwai sabis na 2G a wajen. Sai dai yana fizgar amfiya 2 lokacin aika saƙo, ba shi wutarsa daban ta volt 4.