Kaya su wuce, mai aiki ya tsaya: musayar waƙa kan iyakokin Amurka

Gizaki:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga sabuwar musaya, ƙwar huɗu, babban amsa-amo "ka". Batun Amurka ne da maƙwabtanta biyu, Kanada a arewa, Meziko a kudu, tun daga yarjejeniyar cinikayya ta NAFTA ta 1994. Wanda ɗangonsa ba ya tsayuwa da ƙafarsa ya yi kallo.

Da sunan Allah zan fara,
Alƙalamina na gyara,
Zancen maƙwabta zan tsara,
Su uku masu raba iyaka.

Sun ƙulla NAFTA da murna tasu,
Haraji ya sauka kan kayansu,
Masu masana'antu sun kwashe nasu,
Sun bar ma'aikaci yana kuka.

Inji ya hau tirela ya ƙetare,
Babu jami'in da ya ce a tsare,
Mai aiki da injin shi aka tare:
"Ina takardarka? Koma gidanka."

Tsohon Direba:
Ƙanena Gizaki, ka san taya?
Ka taɓa kwana kana jiran kaya?
Mota guda kafin ta hau hanya,
Sau nawa sassanta ke tsallaka?

Gadar Ambassador ka je ka gani,
Windsor da Detroit, damina da rani,
Ma'aikatan jinya, in ba ka sani,
Kullum suke zuwa aiki Amurka.

A Fabrairun 2022 da masu zanga-zanga suka toshe gadar nan, mai haɗa Windsor ta Kanada da Detroit ta Amurka, kusan mako guda, sai da masana'antun mota na ɓangarorin biyu suka rage aiki don sassa sun yanke. Iyakar da kake zagi ita ke ciyar da mutane.

Jakadiya:
Baba Direba ya gama magana! Gizaki, a je a sha ruwa a dawo.

Gizaki:
Jakadiya, guɗarki ta yi sauri, amarya ba ta iso ba.

Baba Direba, girmanka na nan,
Amma tirelarka ta bar layin nan,
Je Indiana ka tambayi mutanen nan,
Wa ya ci ribar da ke bakinka?

A 2016 kamfanin Carrier ya tara ma'aikatansa a Indianapolis ta jihar Indiana ya ce musu ayyuka 1,400 za su koma Monterrey ta Meziko. Su ma gada ce ta ciyar da su, Baba?

Tsohon Direba:
Ka faɗi rabi ka haɗiye rabi. Bayan Trump ya sa baki wasu ayyukan sun tsaya.

Gizaki:
Wasu. Ka faɗa da bakinka.

Uwar Tagwaye:
Ku matsa, maza. Tun ɗazu kuna magana kamar ƙasa ɗaya ce ke da ciki.

Kuna ta kukan mutanen arewa,
Kamar na kudu suna ta morewa,
Masarar Amurka ta zo da yawa,
Manomin Meziko ya bar shuka.

Ya sai da gona ya kama hanya,
Ya je Tijuana yana haɗa kaya,
Abin da ya haɗa bai iya saya,
Sai dai ya bi shi da ido har iyaka.

Sannan abin da ke dawo musu,
Ba dala kaɗai ke shiga ƙasarsu,
Bindigogi ne daga shagunan wasu,
Texas, Arizona, a ɓoye a jaka.

Ɗan Auta:
Inna Tagwaye kin burge ni sosai,
Baitinki ya fito fes kuma sarai,
Ni dai ina bayanki a wannan zaure har kullum dai,
Don ke ce sarauniyar wannan waƙa.

Malam Aruli:
Ɗan Auta, yaro, zo nan. Na farko, an ce "ka", kai ka kawo "ƙa". Kafi daban, ƙafi daban. In haka ne to baki da baƙi ma ɗaya ne, kai ka san ba ɗaya ba ne. Na biyu, ɗangonka na farko gaɓa goma sha ɗaya, na uku goma sha shida. Wannan ba ɗingishi ba ne, jan ciki ne.

Ɗan Auta:
Malam, a waya na rubuta, kuma ai an gane.

Jakadiya:
Malam Aruli, ka bar yaro ya sha iska. Ina idonka yake da Gizaki ya buɗe da gaɓa takwas ya je baiti na uku yana goma sha ɗaya? Ko don shi ɗan ɗakinka ne?

Malam Aruli:
Ba ni da ɗan ɗaki, Hajiya. Kuma ba yawan gaɓa kaɗai ake dubawa ba, ana duba nauyinta: mai nauyi a gurbinta, marar nauyi a gurbinta. Na Gizaki ya sauya taki tsakanin baiti da baiti, laifi ne amma ƙarami. Na yaron nan a cikin baiti ɗaya ya karye.

Jakadiya:
Aruli na Larabawa ne. Mu kunne ne alƙalinmu. In ta reru, ta auna.

Malam Aruli:
To rera mana ɗangon nan na uku da numfashi ɗaya, in ba ki shiɗe ba na janye.

Tsohon Direba:
Ni fa na ɗauka batun iyaka muke yi.

Jakadiya:
Malam yana auna hatsi da mudu,
Mu kuwa tuni mun ci mun gudu,
Ƙirga gaɓa har ya kai ta kudu,
Ya dawo ya tarar mun sauka.

Malam Aruli:
"Har ya kai ta kudu" cikon ɗango ne kawai, ba ya nufin komai. Amma amsa-amon ya zauna, wannan na ba ki.

Sarkin Baka:
Ku bar ƙidayar gaɓa, Malamai,
Uwar Tagwaye, ki ji ni sarai,
Meziko doka gare ta sosai,
Ta hana kisa? Ba ni amsar haka.

Shagon bindiga soja ke lura,
Mai gaskiya watanni zai jira,
Dillalin ƙwaya tasa ya tara,
Wa dokar ta ɗaure? Mai bin doka.

Shekaru da dama shago ɗaya tak ya riƙa sayar da bindiga bisa ƙa'ida a duk ƙasar, a birnin Meziko, a hannun soja. Su kuwa Amurkawa gyara na biyu na kundin tsarin mulkinsu, mai ba su 'yancin mallakar bindiga, tun 1791 yake. Ba za su soke shi don maƙwabci ya kasa tsare gidansa ba.

Uwar Tagwaye:
Sarkin Baka, Yaya, ka ban dariya,
Na kulle ƙofa, ka huda ta baya,
Ka sako kura ta cinye tunkiya,
Sannan ka ɗora laifin kan mai ɗaka.

Ai sun kai ƙara. A 2021 gwamnatin Meziko ta maka kamfanonin ƙera bindiga na Amurka a kotu tana neman dala biliyan 10. A Yunin 2025 Kotun Ƙolin Amurka ta kori ƙarar, alƙalai tara baki ɗaya, saboda wata dokar 2005 da ke kāre kamfanonin. Mai hudar katanga shi ne mai kotun, Yaya.

Ɗan Auta:
Wayyo Inna! An gama da Sarkin Baka, a kawo likkafani.

Sarkin Baka:
Yaro, gyara "ƙa" ɗinka tukuna. Alƙalai tara, har da waɗanda 'yan Democrat suka naɗa, duk sun ce a'a. Ashe ba son kai ba ne, ƙarar ce ba ta da ƙafa.

Tsohon Direba:
Ku juya arewa ku ga abin mamaki. A Afrilun 2020 wani mutum ya kashe mutum 22 a Nova Scotia ta Kanada. Ba shi da lasisi, kuma wasu daga cikin bindigoginsa daga jihar Maine ta Amurka aka yi fasa-ƙwaurinsu. Cikin Mayu gwamnatin Kanada ta Trudeau ta haramta nau'o'in bindiga kusan 1,500.

Sarkin Baka:
Kun ji ko? Marar lasisi ya yi ɓarna, aka hukunta masu lasisi.

Uwar Tagwaye:
Kun ji ko? Daga ina ta shigo?

Jakadiya:
Baba Direba ya jefo ƙashi ɗaya, kowa ya ce nasa ne. Wai ina Gizaki? Ya kunna wuta ya ɓace.

Gizaki:
Afuwan 'yan zaure, kwana uku ban leƙo ba. Na karanta duka, har da shari'ar gaɓa. Baba Direba, ga wadda za ta yi maka daɗi ta kuma yi maka ciwo. A Afrilun 2025 da harajin kashi 25 na Trump kan motoci ya fara aiki, Stellantis mai ƙera motoci ta dakatar da masana'antarta ta Windsor mako biyu, ta kuma ajiye ma'aikata 900 a Amurka na ɗan lokaci.

An buɗe iyaka, shi aka kora,
An ɗaga haraji, shi aka kora,
Duk wanda ya hau sai ya ce zai gyara,
Guduma dai tana kan mai daka.

Ban ɓace don tsoron Malam ba,
Ba kuma don Jakadiya ta ci gaba ba,
Takarda aka ba ni, ban zata ba:
"An rage ma'aikata, har da sunanka."

Tsohon Direba:
Subhanallahi. Ƙanena, ashe da zafinka kake rubutu. Allah ya musanya da mafi alheri. Na janye tirelata.

Uwar Tagwaye:
Allah ya buɗa wata ƙofar, ƙanena. Amma "kora" sau biyu a baiti ɗaya? Ko Malam bai gani ba?

Malam Aruli:
Na gani. Da gangan ya yi, kuma ta zauna. Ɗango na biyu a baitin ƙarshe ne ya yi jan ciki, amma yau na kau da kai. Gizaki, Allah ya sa haka shi ne mafi alheri.

Sarkin Baka:
Amin. Hajiya, amsar kura da tunkiya tana nan tafe, ban sallama ba.

Ɗan Auta:
Yaya Gizaki kada ka damu,
Aiki zai zo, addu'a ce tamu,
Malam ka duba, yau na samu,
Baitin da babu kuskure na saƙa.

Malam Aruli:
Saƙa. Da "ƙa". Ɗan Auta, me na yi maka?